Ruwaƙan Azhar: Yadda Waƙafi Ya Ba Baƙo Da Makaho Gurbi A Zauren Ilimi

A yau ana yawan tattauna batun adalci wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i da bai wa kowane jinsi haƙƙinsa, tamkar sabuwar mas'ala ce. Tarihin Azhar ya nuna cewa magabata sun fuskance ta, kuma sun fahimci cewa izinin shiga ba ya wadatar da ɗalibin da ba shi da makwanci ko abin sakawa a baka.

Faɗimiyyawa ne suka aza harsashin masallacin a Alƙahira a shekara ta 359 bayan Hijira (970 Miladiyya). A zamanin Mamalik da Usmaniyyawa ya zama matattarar ɗalibai daga sassan duniyar Musulmi, sai aka tsara zamansu bisa ruwaƙai. Ruwaƙi sashe ne da ake keɓe wa mutanen wata ƙasa ko mabiya wata mazhaba, yana da shaihinsa, da waƙafin da ake raba wa ɗalibai gurasa daga cikinsa, wadda ake kira jiraya. Akwai ruwaƙin Magribawa, da na mutanen Sham, da na Turkawa, da na Jawa, da na Sinnar, da na Barnawa.

Dangantakar ƙasashenmu da wannan tsari daɗaɗɗiya ce. Al-Maƙrizi ya ambata a cikin Al-Khiɗaɗ cewa da dukiyar mutanen Kanem aka gina Madrasatu Ibn Rashiƙ ta Malikiyya a Masar a ƙarni na bakwai na Hijira. Haka nan a Alƙahira ne Shaikh Muhammad al-Kashinawi, masanin hisabi daga Katsina, ya rasu a 1741, a gidan Shaikh Hasan al-Jabarti. Nakasassu ma ba a bar su a baya ba, domin a ƙarni na 18 Usman Katkhuda ya gina zawiyar makafi a gefen masallacin.

Sai dai adalcin tarihi ya wajabta mana faɗin naƙasun tsarin. Rabon ɗalibi ya danganta ne da ƙarfin waƙafin ruwaƙinsa, don haka wani yana cikin wadata, maƙwabcinsa yana cikin ƙunci. Rarrabuwa bisa asali kuma takan haifar da ƙabilanci da husuma tsakanin ruwaƙai, musamman a kan shugabanci. Mafi girman giɓi shi ne na mata. Duk da cewa littattafan tarajim cike suke da mata malaman Hadisi waɗanda manyan malamai suka karɓi ijaza a hannunsu, ba su sami kwalejinsu a Azhar ba sai bayan doka mai lamba 103 ta 1961, wato bayan kusan shekara dubu.

Abin da wannan tarihi yake karantar da jami'o'inmu na Musulunci shi ne, daidaito a takardar neman shiga ba ya zama adalci sai an tanadi guzuri. Almajirin da ya haddace Alƙur'ani a tsangaya, da makahon da ba shi da littafin da zai iya karantawa, da ɗalibar da ba ta da amintaccen masauki, duk suna jiran waƙafi irin na magabata, wanda za a raba gwargwadon buƙatar ɗalibi ba tare da duba asalinsa ba. Allah ne Mafi sani.