Cinikin da ya shata mana iyaka a 1904

Yau tarihin da muka ɗauko na wani ciniki ne da aka ƙulla a Landan, ba da saninmu ba, amma har gobe muna rayuwa cikinsa.

A watan Yunin 1898 Faransa da Ingila suka sa hannu kan takardar raba ƙasa tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi. Ingilishi suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙonni da Madawa suka faɗa ciki. Maraɗi ma ta tafi wajensu. Ta gabas da mu kuwa, wajen Maine Soroa da Diffa, duk rabon Ingila ne. Faransa ta samu Damagaram da Muniyo a takarda, ta kuma shiga birnin Damagaram a 1899. Sai dai me? Hanyar da aka bar mata zuwa can ta bi ta arewa ne, cikin rairayi, inda rijiya ke wuya. Ga gida, babu ƙofar shiga.

Faransawa sun yi ta kai kuka, Ingilishi suka yi kunnen uwar shegu, don babu abin da zai sa su ba da ƙasa kyauta. Magana ba ta motsa ba sai da Faransa ta duba abin da ke hannunta wanda ke ci wa Ingila tuwo a ƙwarya. Abin yana can nesa, a tsibirin Newfoundland da ke cikin Kanada a yau. Tun yarjejeniyar 1713 masuntan Faransa ke da haƙƙin kamun kifi da shanya shi a wani sashe na gaɓar tsibirin, mutanen wurin kuwa sun gaji da wannan hali. Ran 8 ga Afrilun 1904 aka daidaita: Faransa ta saki wancan tsohon haƙƙi na gaɓa, Ingila ta ja iyaka kudu, aka buɗe hanya mai ruwa har bakin kogin Komadugu. An ƙara tsefe maganar a 1906, sannan kyaftin Tilho da takwaransa na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi. Hanyar da motocinmu ke bi yau daga Gure zuwa Diffa, albarkacin wannan musaya take cikin Nijar.

To jama'a, mu dubi yadda abin ya gudana. Kuka bai saya wa Faransa ko rijiya guda ba. Abin da ya yi aiki shi ne sanin ciwon abokin ciniki, da ba shi abin da ya fi daraja a wurinsa fiye da a wurinka. Dillalanmu na kasuwar dabbobi sun daɗe da sanin haka. Kafin a ce "albarka" ko "sallama", dillali ya riga ya gano ko mai raƙumi hatsi yake nema da gaggawa, ko mai saye mota ce ke jiran sa. Matashin da zai je neman aiki ko ƙarin albashi, ya bar zancen tsadar shinkafa, ya nuna wa mai gida wace wahala zai ɗauke masa. Macen da ke neman rance wa ƙungiyarta, ta je da lissafin yadda kuɗin zai dawo.

Akwai kuma ɓangare mai ɗaci. A teburin 1904 babu Muniyoma, babu Sarkin Damagaram, babu Shehun Barno. Aka raba dangi, wa a Nijar, ƙane a Najeriya, don ba su nan aka yanka. Wanda bai zo wurin rabo ba, abin da aka aje masa shi zai ɗauka.

Shi ya sa idan aka kira zama kan burtali, ko rijiyar makiyaya, ko filin kwari a gaban kwamitin kula da filaye, kada mu ce aikin manya ne. Mu je, manomi da makiyayi, mu san abin da muke so, mu san abin da ɗan uwanmu ke tsoron rasawa, mu kuma tafi da abin da za mu iya bayarwa. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.