Takardun Shehu Laminu da Muhammadu Bello: Gardamar da ta Taso Daga Bakin Komadugu

Ɗan'uwa mai karatu, ko kai manomin tattasai ne a bakin kogi, ko makiyayi, ko masunci, da ke 'yar'uwa mai sana'a a kasuwar Diffa, ga wata tambaya. In mutum yana salla yana azumi, amma yana aikata laifi, ya halatta a kira shi kafiri, a ɗauki makami a kansa? Wannan tambaya ta ci rayuka da yawa a jiharmu. To, amma ba yau aka fara yin ta ba. Fiye da shekara 200 da suka wuce, manyan malamai biyu sun yi gardama a kanta da tawada da alƙalami. Abin da ya tayar da gardamar kuwa, a nan kwarin Komadugu ya faru. Ya kamata kowane ɗan wannan jiha ya san labarin.

Birnin Gazargamu

Ruwan kogin nan namu yana tasowa daga wajen Kano da tsaunukan Jos. Ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya wuce ta Diffa, ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Boso. Da harshen Kanuri, komadugu shi ne kogi. A zamanin da, kogin nan bai raba ƙasa da ƙasa ba. Gaɓar arewa da ta kudu duk ƙasar Barno ce. Sai tsakanin 1906 da 1908 Turawan Faransa da na Ingila suka bi suka shata iyaka, suka bar wani ɗan'uwa a Nijar, wani a Najeriya.

Wajen shekara ta 1470, Mai Ali Gaji, sarkin Barno, ya kafa babban birninsa a wannan kwari. Sunan birnin Gazargamu. Kufansa yana nan har yau tsakanin Gaidam da Damasak, a gefen Najeriya, ba nisa da Maine-Sorowa. Birnin ya yi sama da shekara 300 yana riƙe da mulki. An kewaye shi da ganuwa, an gina fada da tubalin da aka gasa.

Abin da ya fi sa birnin ya yi suna shi ne karatu. Sarakunan Barno suna ba manyan malamai wata takarda da ake kira mahram. Takardar tana ɗauke wa malami da zuriyarsa haraji da aikin sarki, don su zauna su karantar. Shi ya sa har yau in almajiri ya bar ƙasar Hausa neman haddar Alƙur'ani, sai a ce ya tafi gabas.

Shekarar 1808

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka fara jihadi a ƙasar Gobir. Wutar ta yaɗu zuwa Katsina da Kano da Daura. Sarakunan Hausa suka nemi taimakon Barno, sarkin Barno Mai Ahmadu ya taimaka musu. Fulanin da ke zaune a yammacin Barno kuma suka goyi bayan Shehu. Ta haka yaƙi ya shigo ƙasar.

A 1808 rundunar Gwani Muhtar ta ci Birnin Gazargamu. Mai Ahmadu ya tsere, ya miƙa sarauta ga ɗansa Dunama. Mai Dunama ya nemi taimakon wani malami da ke zaune a Ngala, kudu da Tafkin Cadi. Sunansa Muhammadu al-Aminu al-Kanemi. Mu kan ce masa Shehu Laminu. An haife shi a Fezan, cikin ƙasar Libiya ta yau. Ya yi aikin hajji, ya zauna ƙasashen Larabawa, ya ga duniya. Shi da almajiransa da mayaƙan sarki suka ƙwato birnin, aka kashe Gwani Muhtar. Ba a daɗe ba aka sake cin birnin. Daga baya mutane suka watse, Gazargamu ya zama kufai.

Tambayar Shehu Laminu

Ana cikin wannan hali Shehu Laminu ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta takarda da Larabci zuwa ga shugabannin jihadi. Ya nemi su faɗa masa dalilin da ya sa ake yaƙar mutanen Barno, ana mai da 'ya'ya bayi.

Ga hujjarsa a taƙaice. Mutanen Barno sun kaɗaita Allah, suna salla, suna zakka, suna azumi, sun gina masallatai. Saboda haka Musulmi ne. Bai ɓoye laifin ƙasarsa ba. Ya lissafa abubuwan da ake zargin Barno da su: sarakuna na zuwa wasu wurare suna yin sadaka, mata na fita kai ba lulluɓi, ana cin hanci, ana cin dukiyar marayu, alƙalai na zalunci. Ya yarda cewa cin hanci da cin dukiyar maraya da zaluncin alƙali manyan zunubai ne. Amma a wurinsa zunubi daban, kafirci daban. Maganin mai zunubi shi ne wa'azi da horo. Ya tuna musu cewa ko a Masar da Sham ana samun irin waɗannan laifuffuka, malaman can kuwa ba su kafirta jama'arsu ba. Ya nuna yana girmama Shehu Usmanu, ya karanta littattafansa, amma girman malami ba ya hana a tambaye shi hujja.

Amsar Muhammadu Bello

Wanda ya fi amsa takardun shi ne Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu. Lokacin bai zama Sarkin Musulmi ba, sai bayan rasuwar mahaifinsa a 1817. Bello bai ce da Laminu ya yi shiru ba. Ya zauna ya ba da amsa dalla-dalla.

Ya yarda cewa zunubi kaɗai ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Dama wannan shi ne ra'ayin Shehu Usmanu, har ya saɓa da malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a kan wannan magana. Bello ya ce dalilinsu daban ne. Na farko, sarakunan Hausa ne suka fara tsananta wa jama'ar Shehu, su kuma suka kare kansu. Na biyu, sarkin Barno ya taimaki waɗancan sarakuna, wanda kuwa ya taimaki abokan gaba a kan Musulmi, hukuncinsa ɗaya da nasu. Na uku, labari ya zo musu cewa a Barno ana yanka ga duwatsu da itatuwa, ana yi wa kogi wasu al'adu, su kuwa sun ɗauki wannan shirka ne.

Ka lura da inda gardamar ta tsaya. Dukansu sun yarda mai zunubi Musulmi ne. Saɓaninsu a kan abu biyu yake: me mutanen Barno suke nufi da al'adunsu, kuma wa ya fara zalunci. Takardu suka yi ta kai da kawowa, shekara da shekaru, ta hannun manzanni masu ratsa daji.

Yadda ta ƙare

Babu wanda ya ce an kayar da shi. Takardun kuma ba su kashe yaƙi ba. Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814, ya zama shi ne mai iko a Barno. Wajen 1826 ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano, sai Yakubu sarkin Bauci ya tare shi. Talakawa sun mutu, an kama bayi ta kowane ɓangare. Bayan haka ne ƙasashen biyu suka tsaya kowa a iyakarsa. Shehu Laminu da Muhammadu Bello duk a shekara ɗaya suka rasu, 1837.

Amma ga wani abu da ya kamata a riƙe. A 1812 Bello ya gama wani littafin tarihi mai suna Infaƙul Maisuri. A cikinsa ya kwafe takardun Shehu Laminu tare da amsoshin da aka ba shi. Bai ƙone maganar abokin gardamarsa ba, ko da yake maganar tana sukar sa. Ta wannan littafi ne yau muke karanta hujjar Barno. Mai karatu yana iya duba ta wannan, ya duba ta wancan, ya auna da hankalinsa. Da baki kaɗai aka yi gardamar, da tuni iska ta kwashe ta, kowane ɓangare ya riƙe labarin da ya yi masa daɗi.

Dandali da akwatin rediyo

Gardama a kan daidai da ba daidai ba, ba ta manyan malamai kaɗai ba ce. A garuruwan Kanuri akwai fili a ƙofar gidan sarki da ake kira dandal. Kalmar dandali da muke faɗa da Hausa ita ce. Can bulama da lawan da dattawa ke zama a kan rikicin gona da na rijiya, da ɓarnar dabbobi, da maganar aure. Fulani suna da ardo da lamiɗo. Manga da Mobar da Tubawa da Buduma da Larabawa da Hausawa duk sun san wannan zama.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, an ƙara wasu wuraren. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraren rediyo a Nijar. Mutanen gari su taru a gaban akwati ɗaya, su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a kai gidan rediyo. A 1964 Diffa ta zama babban garin jiha. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, aka farfaɗo da samariya. Ajin yaƙi da jahilci shi ma irin wannan wuri ne, domin bayan karatu akwai hira a kan abin da aka karanta.

Tambayar ta dawo

Ƙungiyar da ake kira Boko Haram ta taso a Maiduguri. An kashe shugabanta Muhammad Yusuf a 2009, daga nan ta zama ƙungiyar yaƙi. Ta kafirta Musulmin da ke aikin gwamnati, da masu kai 'ya'yansu makaranta, da duk wanda ya ƙi bin ta. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ta kai hari Boso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi na wani lokaci. Aka kwashe mutane daga tsibiran tafki. Dubban iyalai suka bar ƙauyukan bakin kogi, suka kafa bukkoki a gefen babban titin kwalta.

Ka ga bambanci. Laminu da Bello sun yi yaƙi, amma kowannensu ya ga wajibi ne ya kawo hujja, ya kuma saurari ta ɗan'uwansa. 'Yan wannan ƙungiya kuwa, malamin da ya musa musu da hujja, harsashi ne amsarsa.

Sai wata tambayar ta biyo baya. A watan Disamba 2016 gwamnati ta yi shelar cewa duk wanda ya ajiye makami za a karɓe shi. Aka buɗe sansanin tubabbu a Gudumariya, ana koya musu sana'a, malamai na yi musu wa'azi. A watan Mayu 2017 Jami'ar Diffa ta kira babban taro a kan yadda za a mai da su cikin jama'a. A watan Disamba 2019 aka sallami fiye da mutum 100 daga sansanin.

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Wasu suka ce ƙofar tuba a buɗe take. Yaran nan 'ya'yanmu ne, an ruɗi wasu da kuɗi da babur, an kama wasu da ƙarfi. In aka rufe musu hanya, wanda ke daji ba zai fito ba. Wasu kuma suka ce, ina haƙƙin wanda aka kashe wa uba, aka ƙone wa rumbu? Yaya mai laifi zai samu sana'a da jari, wanda aka zalunta yana zaune a bukkar tamfol? Allah yana yafe nasa haƙƙi, amma haƙƙin ɗan'adam sai mai shi ya yafe. Wannan magana ba a gama ta a taro ɗaya. A kowane gari da tubabbe ya koma, sai mutanen garin sun yi tasu.

Abin da za mu ɗauka

In irin wannan magana ta taso a dandalinku, ku tuna da takardun nan. Laminu da tambaya ya fara, kafin ya yanke hukunci. Ya faɗi laifin ƙasarsa da bakinsa. Bello ya ware inda suka yarda da juna daga inda suka saɓa. Ya kuma ajiye maganar abokin gardamarsa yadda take. Duk waɗannan abubuwa ne da manomi da makiyayi za su iya yi a gindin bishiya. Magana zarar bunu ce. Kalmar kafiri in ta fita daga baki, ba a san inda za ta tsaya ba.

Yanzu da kuka iya rubutu, kuna da abin da kakanni da yawa ba su samu ba. In an yi zama a kan rikicin gona ko karɓar tubabbe, a sa mutum ɗaya ya rubuta abin da kowane ɓangare ya faɗa. A karanta wa kowa nasa, ya ce haka ne ko ba haka ba. A rubuta har da maganar mata da ta matasa, da ta baƙin da gudun hijira ya kawo.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a aji bayan kun karanta. Mene ne bambancin mai zunubi da kafiri, kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci? Me ya kamata tubabbe ya yi wa waɗanda ya zalunta kafin a zauna da shi? A garinku, su wane ne ba a jin muryarsu in an taru? Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana.