Wa Ya Mallaki Ƙugiyar Haruffanmu?

Duk marubucin da ya taɓa kai aikinsa wurin mai tafireta a Zariya, ko daga Ikara ya taso, ko Maƙarfi, ko Kudan, ya san wahalar ɓ da ɗ da ƙ. Na'urar Turawa ce, ba ta san da zamansu ba. Sai an gama bugu mu ɗauki biro mu bi layi-layi muna ɗora ƙugiya, don kada baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa.

Waɗannan haruffa sun zauna cikin boko ne a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta bazu da su daga 1939. Amma dalmar da ake buga su da ita tana hannun manyan maɗaba'u. Shi ya sa da littattafan kasuwar Kano suka ɓarke a shekarun 1980, da yawansu suka fito ba ƙugiya. An yi ta zargin marubutan da jahilci, alhali rabin laifin na kayan aiki ne.

Zuwan kwamfuta bai kawo sauƙi nan take ba, domin kowace manhaja tana da mai ita, lasisinta kuma ya hana a buɗe cikinta balle a gyara. Wannan ne ya fusata Richard Stallman a Amurka, ya fara aikin GNU a 1983, ya fitar da lasisin GPL a 1989. Sharaɗinsa mai ban sha'awa ne: ka yi amfani, ka kwafa, ka gyara, amma in za ka raba abin da ka gyara, dole ka sake shi a buɗe kamar yadda ka same shi. A kan wannan lasisi Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a 1991, ta zauna. A 1998 sai wasu suka ware, suka ce batun na ingancin aiki ne kurum, shi kuwa Stallman ya dage cewa batun 'yanci ne. Har yau ba su sasanta ba.

Mu kam wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Malaman zaure sun daɗe suna ba almajiri littafi ya kwafa da hannunsa, ba a karɓar ko anini, illa dai sunan mawallafi ba ya ɓacewa, mai kwafi ma yakan sa nasa a ƙarshe.

A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta masu ƙugiya, irin su Rabi'at, marubuta suka samu sa'ida. Sai dai irin waɗannan haruffa na da cikas: in aka kai rubutu kwamfutar da ba ta da su, ƙugiya sai ta rikiɗe ta zama wata alama dabam. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ko da yake an ɗauki shekaru kafin ya game gari. A 2005 ƙungiyar SIL ta fitar da lasisin OFL, ta saki haruffa irin su Charis da Doulos a ƙarƙashinsa: kowa na iya buga littafin sayarwa da su, ya gyara su, amma ba a sayar da su su kaɗai.

A ganinmu, marubucin da ke kukan 'yan satar fasaha, wanda dokar 1988 da ta 2022 suka tsaya masa, bai kamata ya tsara littafinsa da manhajar sata ba, tunda ga LibreOffice nan kyauta, ƙugiya kuma na fita a cikinta sarai.