Ƙarin ƙwaƙwalwa a jarirai

Ƙarin ƙwaƙwalwa a jarirai tsiro ne da ke fitowa tun jariri yana ciki ko cikin kwana 60 na farko bayan haihuwa. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma nau'in da ya fi yawa shi ne teratoma.

Babbar alamarsa ita ce girman kai fiye da kima, domin ƙasusuwan ƙoƙon kan jariri ba su gama haɗewa ba. Ƙarin kan cika wuri, ko ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa har ruwan ya taru. Maɗiga kan kumbura, jariri ya riƙa amai, idanunsa su karkata ƙasa. Akan gano shi da hoton ciki ko na'urar MRI, kuma tiyata ce babban maganinsa.