Gurnanin ramin disket: tarihin wata ƙara da yaranmu ba su sani ba

Duk wanda ya yi aikin biro a shekarun 1990 ya san ƙarar nan. Kwamfuta na ajiye, ba wanda ya taɓa ta, sai ramin disket ya yi gurnani, ƴar fitilarsa ta haska, alhali babu komai a ciki. Malamin da ya gaji tsohuwar na'ura a makarantarsa yakan ɗauka ta lalace, har ya jingine ta a kusurwa ƙura ta rufe ta. Sau da yawa lafiyarta lau.

Kamfanin IBM ne ya fito da disket a 1971, mai faɗin inci 8. Mai inci 5.25 ya zo a 1976, daga baya Sony ya kawo ƙarami mai inci 3.5, wanda ya shahara da ɗaukar megabait 1.44, abin da hoto guda na wayar yau kan wuce. Kwamfutocin farko da yawa ba su da babban faifai na ciki, da disket ake tayar da su. Shi ya sa aka ba ramukansa haruffan A da B, babban faifan da ya zo a makare ya samu C, kuma har gobe a nan yake.

Gurnanin lokacin kunnawa gadon wannan zamani ne. Na'urar tana motsa kan karatun ne don ta gane ko ramin na layi 40 ne ko na 80, kuma a cikin BIOS ake kashe wannan binciken. In fitilar ta ƙi mutuwa sam, galibi an juya faffaɗar igiyar da ke ciki ne. In kuwa jefi-jefi ƙarar ke tashi ana cikin aiki, to Windows ko wata manhaja ce ke cigiyar takardar da aka taɓa buɗewa daga A; a share jerin takardun baya-bayan nan, sai ta yi shiru.

Akwai gurnani guda da, a ganina, bai kamata a yi saurin kashewa ba: na manhajar riga-kafi, wadda kan leƙa ramin kafin kwamfuta ta mutu. A 1986 wasu ƴan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan suka rubuta cutar Brain, wadda ke ɓuya a sashen da ake tayar da na'ura. Ya isa mutum ya manta disket a ciki ya kunna da safe. Haka Michelangelo ta yaɗu, ta tsorata duniya gabanin 6 ga Maris 1992. Disket ɗaya mai yawo hannu-hannu kan harbi aji guda, kamar dai makullin USB na ɗalibai a yanzu.

Apple ya fitar da iMac babu ramin a 1998, Sony ya daina ƙera disket a 2011, gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ta soke dokokin da ke neman a miƙa takardu a kansa.