Simone Biles

Simone Arianne Biles Owens (an haife ta ranar 14 ga Maris, 1997) 'yar wasan jimnastik ce daga ƙasar Amurka. Jimnastik wasa ne na tsalle da alkafura da lanƙwasa jiki, wanda alƙalai ke ba wa maki. Biles ta ci lambobin yabo 11 a gasar Olamfik da 30 a gasar duniya, jimilla 41, kuma babu wani ɗan wasan jimnastik, mace ko namiji, da ya taɓa tara wannan adadi a manyan gasannin biyu. Akwai salo biyar da ke ɗauke da sunanta a kundin dokokin wasan. An kuma san ta da janyewar da ta yi ana tsaka da gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, lamarin da ya jawo muhawara kan lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan wasa da tsaron lafiyar jikinsu.

Farkon rayuwa

An haifi Biles a birnin Columbus na jihar Ohio, ita ce ta uku a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifiyarta ta yi fama da shaye-shaye har ta kasa kula da yaran, sai hukuma ta karɓe su ta ba da su riƙo. A shekarar 2003 kakanta na wajen uwa, Ron Biles, da matarsa Nellie suka ɗauki Simone da ƙanwarta Adria a matsayin 'ya'yansu bisa doka. Ta tashi a gidansu da ke Spring, kusa da birnin Houston a jihar Texas, kuma su take kira uwa da uba. Nellie 'yar asalin ƙasar Belize ce, ta wajenta ne Simone ta samu shaidar zama 'yar wannan ƙasa.

Tana da shekara shida aka kai su yawon buɗe ido wani zauren jimnastik daga makarantar renon yara. Masu horarwa suka ga yadda take kwaikwayon manyan 'yan wasa, suka ba iyayenta shawarar a sa ta a aji. Tana da shekara takwas ta fara atisaye a hannun Aimee Boorman, wadda ta ci gaba da horar da ita har zuwa 2016. A 2012 ta bar makarantar gwamnati ta koma karatu a gida domin ta ƙara sa'o'in atisaye, ta kammala sakandare a 2015. A wannan shekarar ta zama ƙwararriyar 'yar wasa mai karɓar kuɗin talla, abin da ya sa ta fasa yi wa jami'ar UCLA wasa kamar yadda ta yi niyya da farko. Iyayenta sun gina zauren atisaye mai suna World Champions Centre a Spring, inda ta ci gaba da samun horo.

Tsarin gasar mata

A jimnastik na mata ana fafatawa a fannoni huɗu. Na farko shi ne tsallen tebur, inda 'yar wasa ke sheƙowa da gudu, ta dafa wani tebur mai tsayin santimita 125, ta yi alkafura a sama ta dira. Na biyu shi ne sanduna biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsayi, da ake lilo a kansu ana sauyawa daga wannan zuwa waccan. Na uku shi ne siririn katako mai tsawon mita 5 da faɗin santimita 10 kacal. Na huɗu shi ne wasan ƙasa, da ake yi tare da kiɗa a kan shimfiɗa mai mita 12 ta kowane gefe. Ana ba da lamba a kowane fanni, da gasar ƙungiya, sannan da gasar haɗaka, inda ake tara makin 'yar wasa ɗaya daga fannonin huɗu. Gasar haɗaka ita ce mafi daraja ga ɗaiɗaikun 'yan wasa.

Tun daga 2006 aka daina amfani da tsohon tsarin da maki 10 ne ƙololuwa. Yanzu makin kashi biyu ne: makin wahala, wanda ba shi da iyaka, da makin aiwatarwa, wanda ke farawa daga 10 ana ragewa bisa kurakurai. Wannan tsari ya dace da Biles. Tsayinta mita 1.42 ne, ga ƙarfin gudu da tashi sama, don haka tana iya haɗa salo masu wahalar da ke ba ta ratar maki tun kafin a fara wasa. Sau da dama ta faɗi a wani fanni amma duk da haka ta zo ta ɗaya.

Gasannin duniya, 2013 zuwa 2015

Biles ta shiga ajin manya a 2013. A watan Yulin shekarar ta yi mummunan wasa a wata gasa ta cikin gida, ta faɗi sau da yawa, har mai horar da ita ta cire ta kafin a kammala. Bayan haka ta fara ganin ƙwararre kan halayyar 'yan wasa. Makonni kaɗan bayan nan ta ci gasar ƙasa ta Amurka. A gasar duniya ta Antwerp da ke Beljiyam ta ci zinare a haɗaka da wasan ƙasa, azurfa a tsallen tebur, tagulla a katako. Ita ce baƙar fatar Amurka ta farko da ta zama zakarar duniya a haɗaka.

A 2014 a Nanning ta ƙasar Sin ta ci zinare huɗu: na ƙungiya, haɗaka, katako da wasan ƙasa, da azurfa a tsallen tebur. A 2015 a Glasgow ta sake cin waɗannan zinare huɗu, da tagulla a tsallen tebur. Da wannan ta zama mace ta farko da ta ci haɗaka ta duniya sau uku a jere.

Olamfik ta Rio, 2016

A Rio de Janeiro ta Birazil, Biles ta yi wasa tare da Aly Raisman, Gabby Douglas, Laurie Hernandez da Madison Kocian, suka ci zinaren ƙungiya. A haɗaka ta samu maki 62.198, ta ba Raisman da ta zo ta biyu ratar maki 2.1, wanda babbar rata ce a wasan da akan raba gardama da ɗigon maki. Ta ƙara da zinare a tsallen tebur da wasan ƙasa. A katako ƙafarta ta goce har sai da ta dafa da hannu, ta ƙare da tagulla. Ita ce ta riƙe tutar Amurka a bikin rufe gasar.

Jim kaɗan bayan gasar wasu masu kutse a intanet suka fitar da bayanan lafiyar wasu 'yan wasa daga hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya. Biles ta bayyana cewa tun tana yarinya take shan maganin lalurar rashin natsuwa da ake kira ADHD, kuma tana da izinin hukuma na yin hakan.

Batun Larry Nassar

A watan Janairun 2018 Biles ta bayyana cewa tana cikin waɗanda Larry Nassar, tsohon likitan tawagar jimnastik ta Amurka, ya ci zarafinsu ta hanyar lalata da sunan yi musu magani. Ɗaruruwan mata da 'yan mata ne suka zarge shi. A wannan watan wata kotu a jihar Michigan ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan ɗaurin shekara 60 da kotun tarayya ta riga ta yanke masa. Biles ta soki hukumar jimnastik ta Amurka a fili saboda gazawarta wajen kare yaran da ke hannunta. A watan Satumban 2021 ta ba da shaida a gaban kwamitin shari'a na majalisar dattawan Amurka tare da McKayla Maroney, Aly Raisman da Maggie Nichols, kan sakacin da hukumar bincike ta FBI ta yi da ƙorafe-ƙorafen farko. A Disambar 2021 hukumar jimnastik da kwamitin Olamfik na ƙasar suka amince da biyan diyyar dala miliyan 380 ga waɗanda abin ya shafa.

Dawowa, 2018 da 2019

Biles ta huta a 2017, sannan ta koma atisaye a hannun Laurent Landi da matarsa Cécile, dukansu 'yan asalin Faransa. A gasar duniya ta 2018 a Doha ta ƙasar Katar, an kai ta asibiti ana gobe za ta fara wasa saboda tsakuwar ƙoda. Duk da haka ta ci lamba a dukan fannoni shida: zinare huɗu, azurfa a sanduna, tagulla a katako. A 2019 a Stuttgart ta Jamus ta ci zinare biyar, lambobinta na duniya suka kai 25, ta wuce 23 na Vitaly Scherbo ɗan ƙasar Belarus.

Olamfik ta Tokyo

An ɗage gasar Tokyo daga 2020 zuwa 2021 saboda annobar korona. Biles ta je ana sa ran za ta kwashe zinare da yawa. A wasan ƙarshe na ƙungiya, ranar 27 ga Yuli, ta yi niyyar juyi biyu da rabi a tsallen tebur, amma ta ɓace a sama, ta yi ɗaya da rabi, ta dira da ƙyar. Nan take ta janye. Sunisa Lee, Jordan Chiles da Grace McCallum suka ƙarasa wasan, Amurka ta zo ta biyu bayan tawagar 'yan wasan Rasha.

Biles ta ce ta kamu da abin da 'yan jimnastik ke kira twisties, wato yanayin da tunani da jiki ke daina tafiya tare, 'yar wasa ta kasa sanin inda take yayin da take juyawa a sama. Haɗarinsa shi ne mutum na iya dira da kai ko da wuya, ya karye ko ya shanye. Ta kuma yi magana kan nauyin da ke kanta da halin da lafiyar ƙwaƙwalwarta ke ciki. Ta janye daga haɗaka, wadda Sunisa Lee ta ci, da tsallen tebur, sanduna da wasan ƙasa. Ranar 3 ga Agusta ta dawo a katako, ta sauya saukarta zuwa wadda babu murɗa jiki a cikinta, ta ci tagulla.

Ra'ayoyi sun rabu. Wasu masu sharhi sun zarge ta da yasar da abokan wasanta a lokacin da ake buƙatarta. Tsofaffin 'yan jimnastik da yawa kuwa sun goyi bayanta, suna cewa ci gaba da wasa a wannan hali na iya jawo mummunan rauni, kuma yana iya jawo wa tawagar asarar lambar gaba ɗaya. Muhawarar ta tuno da yadda aka daɗe ana matsa wa ƙananan 'yan mata su yi wasa da rauni a jikinsu.

Antwerp 2023 da Paris 2024

Bayan shekara biyu ba ta shiga gasa ba, tana ganin likitan ƙwaƙwalwa a kai a kai, Biles ta dawo a Agustan 2023. Ta ci gasar ƙasa karo na takwas, abin da ba a taɓa yi ba a Amurka, ta ƙara na tara a 2024. A gasar duniya ta 2023 a Antwerp, inda ta fara yin suna shekara goma baya, ta ci zinare huɗu da azurfa ɗaya. Wannan ne karo na shida da ta ci haɗaka ta duniya.

A Olamfik ta Paris ta ji ciwo a sha-raɓar ƙafarta a zagayen share fage, amma ta ci gaba. Amurka ta ci zinaren ƙungiya, Italiya ta zo ta biyu, Birazil ta uku. A haɗaka ta yi kuskure a sanduna, amma ta farfaɗo ta doke Rebeca Andrade ta Birazil da maki 59.131 da 57.932. Tana da shekara 27 a lokacin, wato mafi yawan shekaru a cikin matan da suka ci wannan lamba tun bayan Maria Gorokhovskaya a 1952. Ita ce mace ta uku da ta ci haɗaka ta Olamfik sau biyu, bayan Larisa Latynina da Věra Čáslavská, kuma ta farko da ta yi hakan ba a jere ba. Ta ƙara da zinare a tsallen tebur. A katako ta faɗo ta zo ta biyar, a wasan ƙasa kuma Andrade ta sha gabanta da ƙaramar rata. A wajen ba da lambar, Biles da Jordan Chiles suka rusuna wa Andrade don girmamawa, hoton ya yaɗu a duniya.

Salon da ke ɗauke da sunanta

Hukumar jimnastik ta duniya kan sa wa sabon salo sunan wadda ta fara yin sa cikin nasara a babbar gasa. Biles tana da biyar:

A wasan ƙasa, 2013: alkafura biyu ta baya da jiki a miƙe, da rabin juyi a ƙarshe.
A tsallen tebur, 2018: rabin juyi kafin dafa tebur, sannan alkafurar gaba mai juyi biyu.
A katako, 2019: sauka da alkafura biyu ta baya masu juyi biyu.
A wasan ƙasa, 2019: alkafura biyu ta baya masu juyi uku.
A tsallen tebur, 2023: shiga da baya irin ta Yurchenko, sannan alkafura biyu da jiki a naɗe, ƙafafu a miƙe. An ba shi makin wahala 6.4.

Saukar katakon ta jawo taƙaddama a 2019. Hukumar ta ba ta makin da bai kai yadda aka zata ba, ta ce tana gudun kada wasu su gwada su ji rauni. Biles da hukumar Amurka suka nuna rashin amincewa, suna ganin an tauye mata ladan abin da ita kaɗai ke iya yi.

Karramawa da iyali

Kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasa ta shekara a 2016, 2019 da 2023. Mujallar Time ta ba ta irin wannan matsayi a 2021. A watan Yulin 2022 shugaba Joe Biden ya ba ta lambar 'yanci ta shugaban ƙasa, babbar lambar girmamawa ga farar hula a Amurka, tana da shekara 25, mafi ƙarancin shekaru a cikin waɗanda suka taɓa samun ta. Ta fitar da littafin tarihin rayuwarta, Courage to Soar, a 2016, sannan Netflix ya fitar da shiri a kanta mai suna Simone Biles Rising a 2024. A watan Afrilun 2023 ta auri Jonathan Owens, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka.

Jimillar lambobi

Olamfik: zinare 7, azurfa 2, tagulla 2.
Gasar duniya: zinare 23, azurfa 4, tagulla 3.