Sararin sama na aro

'Yan uwa, kun lura da hotunan ɗalibai a Facebook kwanan nan? Sama shuɗiya shar, gajimare fari tas, alhali cikin hunturu aka ɗauka. Mu 'yan Old Maiduguri mun san saman Janairu: toka-toka, ƙurar Bodele ta Chadi ta dushe rana.

Wannan dabara ta girmi Photoshop nesa ba kusa ba. A wajajen 1857 maganin gilashin hoto yana saurin kama shuɗi, sai sama ta fito fari fat. Bafaranshe Gustave Le Gray ya ɗauki teku a gilashi ɗaya, gajimare a wani, ya haɗa su a takarda guda. Har gajimare ɗaya ya maimaita a hotuna daban-daban, wallahi!

Rigima ta tashi a 1917, lokacin da Frank Hurley na Ostireliya ya riƙa liƙa hayaƙi da gajimare a hotunan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Charles Bean, wanda daga baya ya rubuta tarihin yaƙin, ya ce jabu ne. A 2020 Adobe ta mayar da aikin dannawa ɗaya.

Ni dai ina bayan Bean. A bincikenmu na digiri na biyu, sama ce ke nuna mana damina ce ko rani a tsohon hoton da ba kwanan wata. Ku gyara na bikinku, ba laifi, amma ku ajiye na asali. Hotunan ambaliyar Alau ta Satumba 2024 kuwa, don Allah kada ku taɓa su.